Kilo uku da rabi a tsaunukan Lillehammer

Jirgin ƙasa daga babbar tashar Oslo zuwa Lillehammer awa biyu ne da 'yan mintuna. Waɗanda suka saba da hanyar kujerar hagu suke nema, domin da an wuce Eidsvoll ta wannan gefen tafkin Mjøsa yake ɓullowa, wanda babu tafkin da ya kai shi girma a Norwe, ya yi ta raka jirgin har Lillehammer. Ba ni na zaɓi kujerar ba. Ƙawata da muke ɗaki ɗaya a gidan ɗalibai ita ta yanki tikiti, ita ta aro min rigunan ulu, ita ta sa sunana a tafiyar koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara da ɗalibai suka shirya a ƙarshen Janairu, sannan ta tsaya min a ka har na ɗaura takalmi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ko kukan za ki yi, taso ki yi shi inda akwai iska."

Yayana ya rasu ina farkon zangon karatu. A waya aka gaya min, kafin in gama gane abin da ake faɗa har an kai shi makwancinsa. Shi ya cike min takardun neman gurbin karatun nan, shi ya raka ni filin jirgi, kuma shi nake kira duk daren da wani abu ya shige min duhu. Bayan rasuwar ban fasa zuwa aji ba, in an tambaye ni in ba da amsa, amma barci ya ƙaurace wa idona, abinci kuwa sai an tuna min. Ga hunturun Oslo, ka fita da duhu ka dawo da duhu. Sunansa ma na daina ambata, har da Mama. Mu gaisa, ta ce in yi haƙuri, in ce ta yi haƙuri, mu ajiye waya.

Muna gab da Hamar wani saurayi cikin masu jagorantar tafiyar ya taso yana bin kujeru yana ƙirga mu. Da ya ji ƙawata tana min magana da Hausa sai ya ja ya tsaya, ya yi sallama. Yana ƙarami iyayensa suka zo da shi ƙasar, a nan ya yi makaranta, yanzu aikin jinya yake karanta. Hausarsa irin ta cikin gida ce, wadda aka koya a bakin uwa, wani lokaci sai ya dakata ya lalubo kalma. Ya nuna mana wani dogon gini a bakin ruwa mai rufi kamar an kife jirgin ruwan Baikin, wato mayaƙan teku na yankin a zamanin da, ya ce a cikinsa aka yi tseren takalmin ƙanƙara a gasar Olamfik ta hunturu ta 1994.

Daga nan ya shiga ba mu labarin Dan Jansen, ɗan Amurka. A gasar Calgary ta 1988, ranar da zai yi tseren mita 500, a safiyar ranar yayarsa Jane ta rasu da sankarar jini. Ya shiga tseren ya faɗi. Bayan 'yan kwanaki ya shiga na mita 1,000, nan ma ya faɗi. A 1992 ya koma gida hannu rabbana. Sai a cikin ginin nan na Hamar, a tserensa na ƙarshe a Olamfik, ya ci zinare a mita 1,000 da gudun da ba a taɓa yi ba a duniya, sannan ya ɗauki jaririyar 'yarsa ya zagaya filin da ita. Sunan yarinyar Jane.

Na juyar da fuskata taga. Ina jin ƙawata ta yi masa ido, domin maganar ta tsaya cak. Can ya ce, "Malama, ki gafarce ni, ban sani ba. Allah Ya jiƙan wanda ya rasu." Na amsa da amin ban waiwayo ba, ya koma kujerarsa.

Lillehammer ƙaramin gari ne a gangaren tsauni. Titinsa na tsakiya, Storgata, gidajen katako ne hagu da dama masu fenti kala-kala, kuma ko ta ina ka ɗaga kai sai ka hango hasumiyoyin Lysgårdsbakken a saman garin, inda masu zamiya suke tsalle. Ba mu tsaya ba. Bas muka shiga zuwa Sjusjøen, tafiyar wajen kilomita 20, kusan duk hawa. Muna ƙara sama bishiyoyi suna raguwa suna gajarcewa, dusar ƙanƙara ta lulluɓe su har rassan sun sunkuyo, gidajen hutu na katako kuma rufinsu kawai da hayaƙinsu ake gani. Muka iso wajen ƙarfe 4 da rabi, rana ta riga ta faɗi. A wannan lokacin na shekara azahar da la'asar da magariba a jere suke zuwa, kana idar da wannan waccan ta kawo jiki.

Da safe, kafin a ba kowa allunan zamiya, sai da aka duba tufafinmu. Dokar ɗaya ce: kada auduga ta taɓa fata. Auduga tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya hutawa sai ta huce a jikinka ta zame maka cuta. Ulu ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. Saboda haka ulu a ciki, wata riga a tsakiya, mai tare iska a waje. Kuma ana so ka fito kana ɗan jin sanyi, domin minti goma da fara tafiya jiki zai ɗau zafi. Ma'aunin da ke jikin ƙofa yana nuna digiri 12 ƙasa da sifili. Numfashin farko da na ja a waje sai da na ji gashin cikin hancina ya daskare.

Zamiyar da muka je koya ba ta gangarowa daga ƙololuwar tsauni ba ce, ta doguwar tafiya ce a fili da daji. Allunan sirara ne, faɗinsu bai wuce yatsa uku ba, sun fi mutum tsawo, kan takalmin kawai ake maƙalawa, diddige a sake yake. Tun da asuba wata mota mai ƙafar katafila take bi ta daddale hanyar, ta yanka layi biyu a gefe, kowace ƙafa da nata. Ba a biyan ko kurona ɗaya kafin a hau. Tun 1957 dokar ƙasar ta tabbatar wa kowa 'yancin ratsa daji da tsauni, kuma a hanyar nan za ka ga ma'anar hakan: tsofaffi masu furfura suna wuce ka a natse, iyaye suna jan jarirai a cikin ɗan akwatin zamiya da aka ɗaura musu a ƙugu, yaran da ba su daɗe da koyon tafiya ba suna ta fama da sandunansu.

Saurayin nan na cikin jirgi shi aka ba rukuninmu. Ya ɗauki allo ɗaya ya kwantar a kan benci ya ce mu sunkuya mu duba. Allon ba a miƙe yake ba, tsakiyarsa a ɗage yake, gaba da baya ne kawai suke taɓa bencin, har ya zura takarda ta ƙarƙashi ta wuce. Ya ce gaba da bayan sulɓi ne da su, su ne na zamiya. Tsakiyar ita ce mai kama dusar ƙanƙara, ita ake shafa wa kaki, kuma kakin kala-kala ne gwargwadon sanyin ranar: kore in sanyi ya tsananta, shuɗi in ya ɗan sassauta, ja in ƙanƙarar ta fara narkewa. To in mutum ya raba nauyinsa a ƙafa biyu, tsakiyar ba ta sauka. Sai ya tattara nauyinsa kaf a ƙafa ɗaya allon yake lotsawa ya kama, ya samu abin dogarawa ya tura kansa gaba, ɗaya ƙafar ta tafi da shi.

A baki abu ne mai sauƙi. Amma jiki ba ya yarda ya bar ƙafa ɗaya a kan abu mai sulɓi, sai ya yi ta rarraba nauyi don tsoro, allon kuma ya yi ta zamewa baya. Haka na wuni ina jan ƙafa, ina tokare da sanduna har kafaɗuna suka yi tsami. Na faɗi, na tashi. Ya koya min tashin ma: ki tattaro allunan su daidaita a gicciye da gangara, ki durƙusa a kan gwiwa, sannan ki miƙe. Bai taɓa miƙo hannu ya ɗaga ni ba. Yakan tsaya ne a gefe ya jira, in na miƙe ya ce, "Yauwa, Malama. Mu je."

Bayan azahar ya karɓe sandunana ya ce in tafi haka. Na dube shi. Ya ce, "Sandunan ne suke hana ki yarda da ƙafarki. Kada ki kalli allon, ki kalli waccan bishiyar." Na tafi ina lilo da hannu. Can wajen tsakiyar filin ƙafar dama ta kama, na tura, sai ga ni ina tafiya a kan hagu ba tare da na ɗaga ta ba, tafiya mai santsi, doguwa. Wani sauti ya fito daga bakina wanda na daɗe ban ji ba. Dariya ce. Tana fita kunya ta rufe ni, wani abu ya tokare min maƙogwaro, na ce a raina: Yaya yana ƙasa, ke kina nan kina dariya. Na tsaya a layin hawaye suna zuba suna daskarewa a gashin idona. Ya iso ya miƙo min sandunan, bai ce uffan ba, muka koma.

Daren nan na yi barci. Tun sallar isha'i har asuba ban farka ba, rabon da in yi haka tun ranar da aka kira ni. Ba wata hikima a ciki, gajiya ce ta jiki tsantsa, kuma ban san akwai ranar da zan gode wa Allah saboda ciwon cinya ba.

Kashegari aka ɗauki hanya mai ɗan nisa, ta saman inda bishiyoyi suka ƙare. Sama tas, ba iska, rana tana can ƙasa-ƙasa a kudu ko da tsakar rana, inuwarmu ta miƙe zar a kan farin fili. In sanyi ya kai haka dusar ƙanƙara ƙara take yi a ƙarƙashin sanda, kamar ana taka gishiri. In aka zo hawa sai a buɗe kan allunan waje a tattaka, in aka zo gangara a haɗe kansu ciki a buɗe diddige don rage gudu. Muka tsaya hutawa a jikin wata bukka, aka shimfiɗa 'yan tabarmin roba a kan ƙanƙara, aka fito da lemo da cakulan, abin da 'yan ƙasar ba sa hawa tsauni babu shi. Ƙawata tana gefena tana ɓare lemo. Shi kuma ya ciro wani tsohon filas na ƙarfe, duk ya lotse, fentinsa ya goge, ya zuba min shayi a murfin.

Sai ya ce, "Malama, in ba za ki damu ba, wane irin mutum ne shi?"

Tun da aka yi rasuwar nan mutane suke min ta'aziyya, kuma Allah Ya saka musu, ban raina ko ɗaya ba. Amma duk wanda ya zo haƙuri yake ba ni, ya yi addu'a, ya yi sauri ya kawo wata magana don kada ya tayar min da ciwo. Ba wanda ya tambaye ni shi. Kowa yana kewaye sunansa, har ni ma na koyi kewayewa, har ya zama mutumin da ya cika min rayuwa ba shi da wurin zama a bakina. Ina ganin mai makoki yana buƙatar haƙurin, amma yana buƙatar wanda zai zauna ya ce masa ba ni labarinsa, ya kuma saurara har ƙarshe.

Na fara da kyar. Na ce mutum ne mai tsokana. Na ce ba ya iya cin abinci shi kaɗai, ko tsakar dare ne sai ya taso wani. Na ce duk saƙon da zai turo min sai ya fara da "Ƙanwata ta kaina", ko da faɗa zai yi min. Na ba da labarin ranar da ya koya min keke ya sake ni ban sani ba, na yi nisa ina ta yi masa magana shi kuwa yana can baya ya riƙe ciki yana dariya. Na yi ta zuba, ina kuka ina dariya, shayin ya huce a hannuna. Ƙawata da muke kwana ɗaki ɗaya duk watannin nan, ranar ta fara jin waɗannan labaran.

Da na tsagaita ya ɗaga filas ɗin ya ce na mahaifinsa ne. Direban bas ne, bai taɓa ɗora ƙafa a kan allon zamiya ba har ya koma ga Allah, amma duk gasar yara da ɗansa zai shiga yana nan a bakin hanya cikin sanyi, da filas ɗin nan a hammata, yana kiran sunansa da ƙarfi har sauran iyaye suka san shi. Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, dare ɗaya. Ya ce bayan nan ya jingine allunansa, ko ganin dusar ƙanƙara ba ya son yi.

Sannan ya nuna hanyar da muke zaune a gefenta ya ce ta nan tseren Birkebeiner yake bi. Kowane watan Maris dubban mutane suke tasowa daga Rena su ratsa tsaunukan nan zuwa Lillehammer, kilomita 54, tun 1932 ake yi. Asalinsa tarihi ne. A 1206 ƙasar tana cikin yaƙin basasa, sarki ya rasu ya bar ɗa ƙarami, abokan gaba suna neman yaron. Mayaƙa biyu, Torstein Skevla da Skjervald Skrukka, suka ɗauke shi a kan allunan zamiya suka tsallaka tsaunukan da shi cikin guguwar ƙanƙara. Marayan nan shi ne Haakon Haakonsson, wanda ya hau mulki a 1217 ya yi sarauta har 1263. Don tunawa da shi, duk wanda zai shiga tseren dole ya goya jaka mai nauyin aƙalla kilo 3 da rabi, kuma nauyin ya kasance yana nan har ya tsallake layin ƙarshe.

Ya ce, "Shekarar da na dawo kan allo na shiga. Da nake haɗa jakar nauyin bai cika ba, sai na sa filas ɗin Baba da rigar sanyinsa. Awannin farko ina jin ta a kafaɗa sosai. Daga baya ban ce ta yi sauƙi ba, amma bayana ya san da ita, na daina faɗa da ita."

Na ce, "Malam, ba ni jakar in goya zuwa gida."

Ya dube ni jim, ya gyara min igiyoyin a kan tsawona, ya ajiye ta a gabana na ɗauka. Da jaka a baya tafiyar takan canza, sai ka ɗan ƙara sunkuyawa gaba, kuma abin mamaki allon ya fi saurin kamawa. A gangarar ƙarshe, doguwa mai lanƙwasa wadda ke sauka cikin bishiyoyi, ya wuce gaba ya tsaya a ƙasa. Na lanƙwasa gwiwa, na sa hannuwa a gaba yadda ya koya min, na saki. Iska tana dukan fuskata, filas ɗin yana ƙwanƙwasa min baya, na ji bakina yana kiran sunan Yaya da ƙarfi, sunansa na yanka, sau ba adadi, har na iso.

Ba zan ce ga lokacin da abin ya shiga zuciyata ba. Na dai lura cewa in an fito da safe shi nake fara nema da ido, kuma in na same shi sai in tarar ya riga ni. Na lura yana shafa wa allunana kaki kafin nasa. Da daddare a falo, ana hira ana shanya safa a jikin murhu, yakan zauna nesa da ni yadda ya kamata, amma duk abin da na faɗa yana ji. Wannan ma sai da na yi fama da kaina a kansa, domin gani nake bai dace zuciyar da ke makoki ta buɗe wa wani ƙofa ba. Ƙawata ce ta ce min, muna kwance, "Da Yayanki yana nan, wa zai fi shi tsokanarki a kan yaron nan?" Gaskiya ta faɗa. Da ya ishe ni.

Ranar komawa muka sauko Lillehammer da wuri, muka hau zuwa Lysgårdsbakken, inda aka yi bikin buɗe gasar 1994. A wurin bikin ne aka yi shiru don tunawa da Sarayebo, birnin da ya karɓi gasar a 1984, wanda a lokacin yake cikin ƙawanyar yaƙi. Muka tarar matasa suna atisaye. Mutum ya zauna a kan wani katako can sama, ya sake, ya gangaro a tsugune, ka ji shuuu, sai ka gan shi a iska ya kwanta a kan allunansa ya buɗe su, ya daɗe bai sauka ba. Daga wurin ana ganin garin gaba ɗaya, da bakin tafkin a daskare.

A nan ya ce, yana kallon masu tsallen, "Malama, in mun koma Oslo ina so in riƙa zuwa gaishe ki. Amma ba na son in yi ta a ɓoye. Wa ya kamata ya sani a gida?"

Wata huɗu da suka wuce amsar ɗaya ce, kuma shi ma ya gane hakan daga shirun da na yi. Na ciro waya na kira Mama. Muka gaisa. Kafin ta kai ga haƙurin na ce, "Mama, kin tuna ranar da Yaya ya koya min keke?" Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai na ji ta ce, "Ya dawo gida yana dariya, ke kuma gwiwa duk jini, na bi shi da tsintsiya." Muka yi dariya, muka yi kuka, ta kawo wani labarin nasa da ban taɓa ji ba, na lokacin da ba a haife ni ba. Can ta ce, "Ke, wace murya nake ji kusa da ke?"

Na ce, "Wanda ya koya min zamiya ne, Mama. Yana son ya gaishe ki."

"To ba shi."

Ya cire safar hannu, ya cire hula a cikin sanyin nan, ya rusuna har gwiwarsa ta taɓa ƙanƙara, alhali ba ganinsa take yi ba. "Ina wuni, Mama. Ya ƙarin haƙuri?" Ta tambaye shi ɗan wane ne, ya faɗi sunan mahaifinsa, ya ce Allah Ya yi masa rasuwa. Mama ta shiga yi wa mamatan biyu addu'a, ta haɗa su a baki ɗaya, shi yana amin ina amin. Ƙawata tana can ƙasa tana ɗaga mana hannu tana nuna agogo, saura minti ashirin jirgi ya tashi, Mama kuwa ba ta ko kai rabi ba.